Cinikin Jita A Garaku: Tsakanin Araha Da Sayen Nagari

GARAKU, Jihar Nasarawa — Daga watan Oktoba zuwa ƙarshen Disamba na kowace shekara, wato lokacin da manoman ƙasar Kokona ke kai doya da riɗi da masara kasuwa, kuɗi kan ɗan zauna a hannun jama'a. A daidai wannan lokaci ne kuma majami'u da ƙungiyoyin matasa da masu kiɗan biki ke zama su yanke shawara a kan kayan kiɗan da za su saya kafin Kirsimeti da bukukuwan aure su kankama. Daga cikin kayan nan, jita tana sahun gaba wajen jefa mai saye cikin ruɗani, domin kuwa za a iya jera guda uku a gabansa masu kama ɗaya da launi ɗaya da tsirkiya shida-shida, amma kuɗin ta ukun ya ninka na ta farkon sau talatin ko fiye.

Garaku ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Kokona, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Keffi ta nufi Akwanga da Lafiya da Makurɗi, cikin Jihar Nasarawa wadda aka cire daga Jihar Filato ran 1 ga watan Oktoba 1996. Mai neman jita a nan yakan nufi Keffi ko Mararaba ko Abuja ko Jos, ko kuma ya aika a kawo masa daga kasuwar Alaba da ke Legas, inda manyan dillalan kayan kiɗa da na sauti suke. Ko ta wace hanya ya bi, kayan daga ƙasar waje suka fito, kuma da Dala aka biya kuɗinsu tun daga farko. Saboda haka sayen jita, ko da yake abin nishaɗi ne a ido, magana ce ta jari da canjin kuɗi da zaizayewar darajar kaya, kamar dai sayen injin niƙa ko babur na haya.

Masu Saye Da Abin Da Suke Nema

Jita baƙuwa ce a kiɗan Hausa, inda garaya da molo da gurmi da goge da kukuma da kuntigi suka daɗe suna riƙe da fagen kayan tsirkiya. To amma ta samu gindin zama tun da daɗewa. Marigayi Bala Miller ya yi amfani da ita a ƙungiyarsa ta Kaduna wajen rera waƙoƙin Hausa, Bongos Ikwue ɗan Otukpo ya yi suna da ita, haka nan Panam Percy Paul ya yi tasiri ƙwarai daga Jos a kan matasan majami'u na tsakiyar Nijeriya. A Jamhuriyar Nijar kuwa jita ta zama sana'ar da ke kawo kuɗin waje: ƙungiyar Tal National ta Yamai tana zagaya Turai da Amurka, faifan Bombino ɗan Agadas mai suna Deran ya shiga takarar lambar Grammy ta 2019, kuma Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008.

Duk da haka, daga ƙarshen shekarun 1990 fiyano irin na Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙoƙin finafinan Hausa a Kano, saboda mutum ɗaya da na'ura ɗaya kan fitar da sautin ƙungiya guda. Wannan ya sa kasuwar jita a Arewa ta fi karkata wajen majami'u irin su ECWA da ERCC da Katolika da Baptis, da makarantu, da 'yan ƙungiyoyin kiɗan biki. A Garaku da kewaye masu saye sun kasu kashi uku: akwai mai koyo da ke son ya gwada sa'arsa, akwai majami'a ko makaranta da ke sayen kayan da hannaye da yawa za su taɓa, sannan akwai makaɗin da jita ita ce hanyar abincinsa. Kowane ɗaya daga cikinsu da irin asarar da yake gudu.

Jitar Akwati Da Jitar Lantarki

Jitar akwati ita ce wadda ba ta bukatar wuta. Idan aka kaɗa tsirkiya, girgizarta kan bi ta jakin da ke ɗauke da ita ta shiga siririn katakon fuska, shi kuma ya motsa iskar da ke cikin akwatin, sauti ya fito. Ke nan ingancin katakon fuskar nan shi ne ingancin muryar jitar. Iri biyu ce: mai tsirkiyar roba, wadda tsirkiyoyinta shida ke jan wuya da nauyin da ya kai kimanin kilo 40, da kuma mai tsirkiyar ƙarfe, wadda nata jan ya kai kimanin kilo 70. Masu jita da dama sun yi asara saboda rashin sanin wannan bambanci, domin idan aka ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don ta roba, ba a daɗewa jakin ya ɓalle ko wuyan ya lanƙwashe.

Jitar lantarki kuwa jikinta gungumen katako ne marar rami, kuma muryarta ba ta da ƙarfi sai an haɗa ta da amfilifaya. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Girgizar tsirkiyar ƙarfe a bisansa kan haifar da 'yar ƙaramar wuta, ita ce amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi ta tura lasifika. Kamfanin Fender na Amurka ya fito da irin wannan jita kasuwa a 1950, ya biyo da samfurin Stratocaster a 1954, yayin da Gibson ya fito da Les Paul a 1952. Yawancin jitocin lantarki da ake gani a shagunan Nijeriya, masu tsada da masu araha, siffar waɗannan ne suka ɗauko.

Abin lura ga mai lissafi shi ne, kuɗin jitar akwati kusan shi ne ƙarshen abin da za a kashe, ban da tsirkiya da jaka. Kuɗin jitar lantarki kuwa mafari ne kawai, domin sai an ƙara amfilifaya da waya da sitabilaiza, sannan a yi tanadin wutar da za ta tayar da su.

Yadda Canji Ya Ɗaga Farashi

A farkon shekarun 1980 Naira ta fi Dala daraja. Bayan buɗe kasuwar canji ta SFEM a watan Satumba 1986 darajarta ta yi ta sauka, har a tsakiyar shekarun 1990 farashin gwamnati ya tsaya a wajen Naira 22, na kasuwa kuwa ya haura Naira 80. Babban sauyi na baya-bayan nan ya zo ne ran 14 ga watan Yuni 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji, Dala ta tashi daga wajen Naira 460, har ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu 2024.

Lissafin abin a fili yake. Jitar da ake sayarwa Dala 200 a ƙasar waje, a canjin Naira 460 kuɗinta Naira 92,000 ne, wato kimanin albashin wata uku na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000 da aka tsayar a 2019. A canjin Naira 1,500 kuwa ta koma Naira 300,000, wato fiye da albashin wata huɗu a kan sabon mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli 2024. Wannan kuma kafin a ɗora kuɗin jirgin ruwa, da harajin kwastan wanda shi ma da canjin ranar ake lissafa shi, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ya fara aiki a watan Fabrairu 2020, da ribar babban dillali da ta mai shago, da kuɗin mota daga Legas. Tun daga watan Fabrairu 2025 ma an fara karɓar kuɗin hanya a kan titin Keffi zuwa Makurɗi, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin karɓar tana Garaku.

Sakamakon haka shi ne masu saye da dama sun sauko mataki ɗaya: wanda a da zai sayi mai matsakaicin kuɗi ya koma kan mai araha, mai niyyar sabuwa kuma ya koma kan ta hannu.

Mataki Na Ƙasa: Araha Ba Ta Ado

A matakin ƙasa akwai jitocin da kuɗinsu bai kai Dala 100 ba, yawanci daga ƙasar Sin, masu sunayen da ba wanda ya san kamfanin da ke bayansu. Jikinsu filawud ne, fentinsu mai ƙyalli ne ƙwarai, kuma a shago suna ɗaukar ido fiye da waɗanda suka fi su. Koke-koken masu irin wannan jita kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Na farko, makullan ɗaure tsirkiya ba sa riƙewa, sai a saita ta yanzu, kafin a gama waƙa biyu ta sauka. Na biyu, tsirkiyoyin kan yi nisa da wuya. A jita mai kyau tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 12 na wuyan ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, amma a waɗannan takan ninka haka, har mai koyo ya ji yatsunsa na ciwo ya ɗauka shi ne ba shi da baiwa. Na uku, idan ba a jera ƙarafan wuyan daidai ba a masana'anta, jitar kan yi daidai a ƙasan wuya ta saɓa a sama, kuma wannan aibi ne da gyaransa ya fi kuɗin jitar.

A ɓangaren lantarki, abin da kan fara lalacewa shi ne ramin da ake cusa waya, da maɓallan ƙara sauti, da kuma wayar kanta. Waɗannan mai gyaran rediyo zai iya gyara su da ɗan kuɗi kaɗan. Babbar matsalar ita ce 'yar amfilifayar da ake haɗawa da jitar a kwali ɗaya, wadda ƙarfinta bai wuce wat 10 zuwa 15 ba: ta ishi ɗaki, amma a cikin majami'a mai ganga da fiyano ba a jin ta.

Ba duka ne aibi ba. Filawud, da yake hawa-hawa ne da aka manne a giciye, ya fi katako zalla jure canjin yanayi, kuma jitar da ba ta da tsada ita ce ake iya ɗorawa a babur a kai ƙauye wa'azi ko biki ba tare da fargaba ba. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Mataki Na Tsakiya

A nan ne ake samun Yamaha da Squier da Epiphone da Cort da Ibanez, a tsakanin Dala 150 zuwa 600 gwargwadon farashin shekarar 2024. Waɗannan sunaye ba su zo a banza ba. Epiphone ya koma hannun masu Gibson tun 1957, Fender kuma ya fito da Squier a 1982 don ya tare kamfanonin Japan da ke kwaikwayon kayansa suna sayarwa da rahusa. Dabarar ita ce a ƙera samfuri iri ɗaya a ƙasar da ladan ma'aikata ke da sauƙi, kamar Indonisiya da Sin, amma a ƙarƙashin sa idon uwar kamfani. Injinan yanka katako masu aiki da kwamfuta sun rage tazarar da ke tsakanin waɗannan da masu tsada fiye da yadda take a shekarun baya.

Abin da masu irin su Yamaha C40 da F310 da Pacifica suka fi yabawa ba daɗin murya ba ne kawai, a'a, kwanciyar hankali ce: saiti yana zama, wuyan yana da sandar ƙarfe a ciki a samfuran tsirkiyar ƙarfe wadda ake juyawa a miƙe shi idan ya lanƙwashe, kuma kayan gyara suna samuwa saboda girmansu ɗaya ne da na sauran. A jitar lantarki irin ta Fender da Squier, kusoshi huɗu ne ke riƙe da wuya, ta yadda idan ya lalace za a kwance shi a sa wani, ba sai an yar da jitar ba. Ga majami'a ko makaranta, inda yau wannan ya riƙe gobe wancan, a wannan mataki ne kuɗi ya fi yin aikinsa.

A ƙarshen saman matakin ne ake fara samun jitar akwati mai fuskar katako zalla. Muryarta ta fi zurfi da tsawo, amma daga nan ne kuma bukatar kulawa take farawa.

Mataki Na Sama

Daga Dala 800 zuwa sama akwai Fender na Meziko, sannan na Amurka, da Gibson da Martin da Taylor, waɗanda wasu samfuransu ke kaiwa Dala 3,000 ko fiye, wato Naira miliyan 4.5 a canjin 1,500. Abin da mai saye ke biya a nan shi ne zaɓaɓɓen katako, da aikin hannu na ƙwararru masu albashin Amurka, da kuma suna. Makaɗin da ke shiga ɗakin ɗaukar waƙa yana jin bambancin a kunnensa da yatsunsa. To amma bambancin da ke tsakanin jitar Dala 60 da ta Dala 300 ya fi wanda ke tsakanin ta Dala 300 da ta Dala 3,000 girma nesa ba kusa ba. Wannan shi ne abin da masana tattalin arziki ke nufi idan suka ce amfanin kowace ƙarin Naira yana raguwa yayin da ake ƙara kashewa. Bugu da ƙari, idan aka haɗa jitar miliyoyi da lasifikar da ta fashe da janaretan da ke ƙara a bakin taga, ba mai zama a sahun baya da zai san kuɗinta.

Labarin cewa tsohuwar jita na ƙara kuɗi gaskiya ne, amma ga 'yan ƙalilan. A watan Yuni 2020 an yi gwanjon wata jitar Martin ta mawaƙin Amurka Kurt Cobain a kan sama da Dala miliyan 6, sai dai sunan mai ita aka saya. Suna kuma bai hana kamfanin Gibson kansa neman kariyar kotu daga masu binsa bashi ba a watan Mayu 2018.

Hunturu Da Damina

Kamfanonin da ke ƙera jitar akwati suna ba da shawarar a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A ƙasar Keffi laima kan haura kashi 80 da damina, ta kuma sauka ƙasa da kashi 25 da rana a tsakiyar hunturu. Katako na shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma katako zalla ya fi filawud yin haka. Abin takaicin shi ne lokacin da aka fi sayen jita, wato bayan kaka, shi ne lokacin da hunturu ke shigowa, ga kuma kayan sun fito daga rumbunan Legas masu laima.

Alamun bushewa su ne fuskar jitar ta lotsa, bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu, daga bisani tsaga ta bayyana a bayan jaki. Maganin ba shi da tsada: a riƙa ajiye jitar cikin akwatinta a rufe, tare da soso mai ɗan danshi a cikin gidan sabulu da aka huda, a kuma nisanta ta da cikin mota da rana da ɗakin kwano marar silin, domin zafi kan sa gam ya saki. Da damina kuwa tsatsa ce ke cin tsirkiya, sai a goge ta da tsumma busasshe bayan kowane kiɗa. Wannan ne dalilin da ya sa jitar akwati mai tsada ta fi mai matsakaicin kuɗi haɗarin asara a wannan yanki, yayin da jitar lantarki, saboda kaurin jikinta, ba ta cika damuwa da yanayi ba.

Kuɗin Wuta Da Haɗarinta

Abin da hunturu ya bar wa jitar lantarki, wuta ta karɓe. Kamfanin rarraba wutar Abuja, AEDC, shi ke ba Jihar Nasarawa wuta, kuma kamar sauran sassan ƙasar nan, duk mai taro da kayan sauti sai ya tanadi janareta ko sola. Bayan janye tallafin mai ran 29 ga watan Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500, ta kuma haura Naira 1,000 a watan Oktoba 2024. Kowace sa'a ta gwaji da jitar lantarki tana da kuɗinta ke nan, abin da ya sa ƙungiyoyi da yawa ke yin gwaji da jitar akwati su bar ta lantarki sai ranar taro.

Akwai tarko biyu da suka cinye kuɗin mutane. Na ɗaya, wutar Nijeriya mai ƙarfin bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120; amfilifayar tokumbo da aka yi don Amurka, idan aka jona ta kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, nan take take ƙonewa. Na biyu shi ne rashin wayar ƙasa a gini ko a janareta. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya, saboda haka idan wuta ta zubo ba ta da inda za ta bi sai jikin makaɗi. A watan Mayu 1972 wani makaɗin jita ɗan Birtaniya mai suna Leslie Harvey ya rasu a kan dandali a garin Swansea bayan ya taɓa makirufo marar wayar ƙasa. Kuɗin da za a biya mai aikin lantarki ya dasa sandar ƙasa bai kai na tsirkiya kaɗan ba idan aka kwatanta da abin da yake karewa, kuma yana rage gurnanin da ke fita daga lasifika.

Ta Hannu Da Jabu

Kamfanin Fender ya taɓa bayyana cewa binciken da ya yi ya nuna kashi 90 cikin ɗari na sababbin masu koyon jita kan bari a shekarar farko. Wannan ne tushen kasuwar ta hannu: jitoci masu yawa da ba a mora ba suna fita daga ɗakunan Turai da Amurka su shigo kwantena. Yamaha ko Squier ta hannu mai lafiya ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba, kuma sau da yawa kuɗinsu ba ya rata sosai.

Sai dai ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya kalli wuyan daga kai zuwa jiki kamar mai auna sanda, ya danna kowace tsirkiya a kowane ƙarfe ya saurara ko tana zuza, ya gwada sautin ƙarfe na 12 ya ji ko ya dace da na tsirkiyar a sake, ya duba ƙarƙashin jaki ko ya fara ɗagowa, ya kuma jona ta lantarki ya juya kowane maɓalli. Wanda bai iya ba ya tafi da wanda ya iya, ya biya shi ladan rakiya. Sayen da ake yi ta hoto a waya, a tura kuɗi kafin a ga kaya, shi ne ya fi jawo da-na-sani.

Jabu ma ya yawaita. A watan Nuwamba 2024 jami'an kwastan na Amurka sun ba da sanarwar kama jitocin Gibson na jabu sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura Dala miliyan 18. Idan ana iya kai irin wannan kaya can, to shigo da su nan ya fi sauƙi. Duk sabuwar jitar da aka rubuta wa Gibson ko Fender na Amurka amma ake sayar da ita a kuɗin Squier, jabu ce, ko da an buga mata lambar kamfani.

Lissafin Shekara-Shekara

Hanyar da ta dace a kwatanta ita ce a raba kuɗin kaya da shekarun da zai yi aiki. A ɗauka, a misali, an sayi mai araha Naira 70,000 ta yi shekara 2 ta mutu ba wanda zai saya: Naira 35,000 ke nan a shekara. A ɗauka kuma an sayi ta tsakiya Naira 350,000 ta yi shekara 10 aka sayar da ita Naira 100,000: Naira 25,000 ke nan a shekara. A nan karin maganar nan ta sayen nagari mai da kuɗi gida ta tabbata.

To amma ɗan kasuwa ya san kuɗi ba ya kwana a banza. Rarar Naira 280,000 da ke tsakanin biyun, idan rance ce a kan ruwan kashi 27.5 cikin ɗari, wato ma'aunin da Babban Banki ya tsayar a watan Nuwamba 2024, za ta ci Naira 77,000 a shekara. Saboda haka bai kamata a ci bashi don sayen jitar da ba za ta kawo kuɗi ba. A ɗaya gefen kuma, a lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba 2024, kayan waje mai suna ya fi kuɗin da aka ajiye a akwati riƙe daraja. Wanda ya sayi jitar Dala 200 a kan Naira 92,000 kafin Yuni 2023, ko da rabin kuɗin sabuwa ya sayar da ita a canjin 1,500, zai karɓi Naira 150,000. Riba ce a takarda kawai, domin a Dala rabin kuɗinsa ya tafi, kuma irin wannan tsalle na canji ba abin da za a gina lissafi a kansa ba ne, ganin yadda Naira ta ɗan daidaita a 2025.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, mai koyo ya fi dacewa da jitar akwati ta hannu mai sunan da aka sani, wadda zai iya sayarwa idan ya bari. Majami'a ta fi dacewa da ta tsakiya, ta ware wani kaso na kuɗin don amfilifaya mai kyau da akwati da wayar ƙasa. Makaɗin sana'a kuwa, wanda lalacewar kaya a tsakiyar biki ke jawo masa asarar kuɗin aiki da na suna, gara ya mallaki biyu na tsakiya da ya mallaki ɗaya mai tsada.

Inda Ribar Take Ga 'Yan Kasuwa

Jita kaya ce mai jinkirin fita, kuma tana danne jari a shago wata da watanni. Abin da ke juyawa da sauri shi ne tsirkiya da waya da batir da jaka da makullai, domin mai jita ɗaya zai sayi tsirkiya sau da yawa a shekara muddin yana kiɗa. Haya ma hanya ce: amfilifaya da lasifika da janareta da ake bayarwa ranakun Asabar da Lahadi suna iya mai da kuɗinsu, in dai an tsayar da jingina da sharuɗɗan lalacewa a rubuce. Sana'ar gyara da saiti kuwa jarinta kaɗan ne. Kafintan da ya koyi rage tsayin jaki da miƙe wuya da manne tsaga zai iya mai da jitar da aka jingine a lungu ta koma aiki, kuma a garin da ke kan hanyar Keffi da Akwanga, ga ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa a kusa, ba zai rasa masu kawo masa aiki ba.

Akwai kuma abin dubawa ga masu babban jari. Wasu daga cikin itatuwan da ake ƙera jita da su daga Afirka suke fita, kamar dangin maɗaci da ake yin jiki da wuya da shi, da baƙin itace dangin kanya da ake shimfiɗawa a fuskar wuya. A 2011 kamfanin Taylor, tare da wani abokin hulɗarsa na Sifen, ya sayi masana'antar tsaga irin wannan baƙin itace a Yawunde ta ƙasar Kamaru don ya tabbatar da samunsa. Itacen kan fita ɗanye ya dawo a matsayin jita da ninkin kuɗi, kuma muddin haka lamarin yake, farashin da majami'ar Garaku za ta biya a watan Disamba zai ci gaba da dogara ne a kan yadda Dala ta kwana a Legas.